Radish ya yi ganye bai yi kai ba: laifin taki ne ko na lokacin shuka?

Uwar Gida, Kano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki inda na saba shuka latas da alayyafo da lansir, kuma a farkon watan Maris na ware fangali ɗaya na zuba irin radish, kayan lambun da ake cin kan saiwarsa kamar karas, jan nan ɗan kewayayye wanda aka rubuta Cherry Belle a jikin takardarsa. Takardar ta nuna cewa cikin wata guda za a fara cirewa. Ya tsiro da sauri, ganyensa ya yi kore shar, amma yanzu watan ya wuce kuma duk wanda na tuge sai in tarar da siririyar saiwa ja, babu kai. 'Yan kaɗan da suka kumbura kuwa yajinsu ya yi yawa, cikinsu kuma ya bushe ya yi rami. Na zuba kashin kaji kafin shuka, na kuma barbaɗa yuriya bayan ya yi ganye huɗu, ina ba shi ruwa kowace yamma. Don Allah masu ilimin abin su duba mini inda matsalar take.

Mai Lambu, Jos:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsarki tana cikin bayaninki, domin kin haɗa wa shuka ɗaya kashin kaji da yuriya, kuma dukansu abincin ganye ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, shi ne kuma sinadarin da ke sa alayyafo da latas su yi faɗi su yi kore. Abin da ya gyara miki alayyafo shi ne ya ɓata miki radish, saboda shukar ta samu abin gina ganye fiye da buƙatarta, sai ta ci gaba da tofo ta manta da ajiya a ƙarƙashin ƙasa. Idan kuma kashin kajin sabo ne, bai ruɓe ba, yakan sa saiwar ta rabu gida biyu ko uku ta yi gashi. Mu a nan ba ma sa wa radish taki na musamman. Muna shuka shi ne a fangalin da aka cire kabeji ko latas, ragowar takin da suka bari ta ishe shi.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Abin da ɗan'uwanmu na Jos ya faɗa game da taki daidai ne, amma ina ganin ya tsallake babban dalili, wataƙila don a garinsu ba a san irin zafin da ake yi a Kano a watan Maris ba. Radish ɗan gidan su kabeji da lansir ne, kuma ƙananan nau'o'insa irin wanda Hajiya ta shuka sun fi yin kai idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 10 zuwa 20. A Kano da Zariya ba mu samun abin da ya yi kusa da haka sai a hunturu, lokacin da dare kan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 14, ƙasa kuma ta kwana da sanyi har ta kai hantsi ba ta ɗau zafi ba. Daga Maris zuwa Afrilu kuwa rana kan doshi digiri 40. A irin wannan yanayi shukar takan gaggauta zuwa ga fure da 'ya'ya, wato ta yi ƙoƙarin barin iri kafin ta mutu, kuma duk abincin da ya kamata ya taru a kai sai ya tafi can. Yajin da Hajiya ta ji da ramin da ta gani a ciki alamomin zafi ne da ƙishirwa, taki ba ya kawo su. Ko da ba ta sa yuriya ko ƙwaya ɗaya ba, a wannan watan ba za ta samu abin kirki ba.

Mai Lambu, Jos:
Baba Malam, ban musa maganar zafi ba, kuma gaskiya ne tsaunin Jos ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa muke shuka kayan sanyi a watannin da ku ba ku iyawa. Amma ina roƙon a lura da abu ɗaya: a nan ma, a tsakiyar Disamba, mai lambun da ya cika wa radish yuriya ganye yake girba. Idan Hajiya ta tafi da fahimtar cewa lokaci ne kawai ya cuce ta, za ta jira hunturu ta maimaita kashin kaji da yuriya, ta sake dawowa zaure da wannan tambayar a watan Janairu. Lokaci ba a hannunta yake ba sai ta jira shi, taki kuwa tana iya gyara shi tun yau.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Na yarda da wannan, sai dai tambayarta ita ce me ya sami wannan shukar da ke gabanta, kuma alamomin da ta lissafa uku ne: rashin kai, yawan yaji, da bushewar ciki. Taki yana bayanin na farko kaɗai, zafi kuwa yana bayanin duka ukun.

Malamar Makaranta, Bauchi:
Da izinin manya, akwai tambayoyi biyu da ba a yi wa Hajiya ba, kuma a ganina sai an ji amsarsu kafin a yanke hukunci. Yaya, da kika zuba irin, a layi kika jera shi ko watsa shi kika yi, kuma kin rage tsiron bayan ya fito? Sannan awa nawa rana take yi a kan fangalin? Na tambaya ne saboda yawancin filayen bayan ɗaki a cikin birni katanga ce ke kewaye da su, wani lokaci har da bishiya a gefe.

Uwar Gida, Kano:
Malama, watsa shi na yi yadda nake watsa lansir, kuma ban rage komai ba, domin duk ya fito da kyau. Game da rana kuwa, katangar maƙwabta tana gabas da fangalin, akwai kuma bishiyar mangwaro a kudu, saboda haka rana ba ta sauka sosai sai bayan azahar.

Malamar Makaranta, Bauchi:
To, ga dalilai biyu sun ƙaru a kan na Baba Malam da na ɗan'uwanmu na Jos. Lansir ganyensa ake so, cunkoso ba ya hana shi komai, amma radish kowane tsiro yana buƙatar wurin da kansa zai buɗe, kuma idan ganyen maƙwabcinsa ya rufe shi sai ya miƙe sama neman haske ya bar saiwar siririya. Yadda nake yi a gida shi ne in ja layi da yatsa, zurfinsa kamar santimita ɗaya, in bar kamar santimita 15 tsakanin layi da layi, in jera irin ɗai-ɗai, sannan in rufe da ƙasa mai laushi in danna da tafin hannu. Yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5. Da zarar ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ke biyo bayan ƙananan ganye biyu masu siffar zuciya, sai in bi layin in cire na tsakiya har ya zama akwai faɗin yatsa uku tsakanin tsiro da tsiro, kimanin santimita 5 ke nan. Wannan aikin ne mutane suka fi jin nauyin yi, domin tuge lafiyayyen tsiro yana kama da asara, amma idan aka jinkirta shi har mako na uku ya riga ya makara, tun da rayuwar shukar gaba ɗaya mako huɗu ce. Waɗanda aka cire ma ba a zubarwa, a wanke su a zuba cikin kwaɗo. Batun rana kuma, yana son aƙalla awa shida. Ranar safe ta fi masa ranar yamma, ke kuwa katanga ta tare miki ta safe ta bar miki mai ƙunar.

Uwar Gida, Kano:
Na gode ƙwarai. Maimakon a cire a ci, ba za a iya dasa waɗanda aka rage a wani fangali ba, kamar yadda ake yi wa latas da albasa?

Manomin Rani, Maraɗi:
Hajiya, ban ba ki shawarar haka ba. Albasa da latas saiwoyinsu ƙanana ne masu yawa, idan wasu suka tsinke wasu za su fito. Radish da karas kuwa saiwa ɗaya ce tilo take sauka, kuma ita ce abin da za a ci, don haka idan ta karye ko ta lanƙwashe wajen dashe, haka za ta girma a karkace ko ta rabu. Ban da haka, shukar da aka dasa takan yi kwanaki tana farfaɗowa, shi kuwa ba shi da kwanakin da zai bayar. Irinsa ba tsada gare shi ba, sabuwar shuka ta fi dashe sauri. Ina so kuma in ƙara magana a kan ruwa, domin kin ce da yamma kaɗai kike bayarwa. A ƙasar jigawa irin tamu, iskar hunturu takan busar da saman fangali kafin azahar, alhali kan radish kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, kuma a saman ƙasa yake zaune, ba ya zurfi. Mu safe da yamma muke ba shi, kaɗan-kaɗan da butar ban ruwa mai rariya, mu kuma shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa tsakanin layuka bayan an rage tsiro. Abin da ya fi ɓata shi shi ne a bar shi ya sha ƙishirwa kwana biyu, sannan a malala masa ruwa don a rama, domin cikin yakan kumbura da sauri fiye da fatar, sai kan ya tsage.

Ɗan Kasuwa, Kano:
Ku gafarce ni, amma ina karanta bayanan nan ina tambayar kaina ko wahalar ta cancanta. Abin da ba ya son zafi, ba ya son inuwa, ba ya son taki, ba ya son dashe, kuma idan an samu ma yawancin mutanen gidajenmu ba su saba cin sa ba. Wanda ya shiga kasuwar 'Yankaba zai ga karas da kabeji da latas da kokwamba a tule, saboda su mutane ke nema. Mai ɗan fili a bayan ɗaki ya fi dacewa ya zuba karas, wanda yara za su ci ɗanye, a kuma sa shi a shinkafa da miya.

Mai Lambu, Jos:
Alhaji, idan maganar sayarwa ce kana da gaskiya, masu sayensa ba su da yawa, kuma ba ya jure ajiya, musamman idan an bar masa ganyensa, wanda ke zuƙe ruwan kan har ya yi laushi. Amma lambun gida ba don kasuwa ake yin sa ba, kuma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Karas yakan yi mako biyu ko fiye kafin ya tsiro, ya kuma ɗauki kusan wata uku kafin a cire. Idan ka haɗa irin biyun a layi ɗaya, radish zai fito da wuri ya nuna maka inda layin yake, ka san inda za ka yi ban ruwa da cirar ciyawa, kuma kafin karas ya buƙaci wurin an riga an tuge radish an ci, ramukan da ya bari sun sassauta ƙasar. Fangali ɗaya ya ba ka amfani biyu, da ruwa ɗaya.

Tsohuwar Mazauniyar Sudan:
Ina so in amsa wa Alhaji a kan maganar sabo. A shekarun da na zauna a Sudan, fijil, wato farin radish mai tsawo, abu ne na yau da kullum, ana sayar da shi ɗauri-ɗauri da ganyensa, a ajiye shi a gefen faranti tare da jirjir, wani ganye mai yaji dangin lansir, da albasa da lemon tsami, kuma Hausawan da ke can suna ci kamar kowa. Mu da muke cin kwaɗon lansir ba baƙin wannan yajin ba ne, domin dangi ɗaya ne kuma sinadarin da ke hawa hanci iri ɗaya ne. A yanka shi siriri, a barbaɗa gishiri, a bar shi ɗan lokaci ya fitar da ruwa, sannan a haɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Wanda yajin ya dame shi ya feƙe fatar, tun da a can ya fi taruwa, ko ya jefa shi a miya, domin wuta tana kashe yajin gaba ɗaya. Ganyen da Hajiya ta samu ma abinci ne. A zaɓi masu taushi, a tafasa su kaɗan don gashin jikinsu ya kwanta, a yi kwaɗo da su ko a haɗa su da alayyafo.

Ɗan Kasuwa, Kano:
Maganar haɗa shi da karas ta shige ni, Hajiyar da ta zauna a Sudan kuma ta ba ni amsa a kan ci. Amma har yanzu ina ganin abin da ba a iya shukawa sai wata uku a shekara bai kai a ware masa fangali shi kaɗai ba.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Wata ukun nan sun fi yadda kake zato, Alhaji. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu mutum zai iya shuka layi biyu duk bayan kwana goma, kuma haka ya kamata a yi, domin idan aka shuka fangali guda a rana ɗaya duka zai nuna a mako ɗaya, gida ba zai iya cinye shi ba, ragowar kuma za ta tsufa a ƙasa. Ƙaramin jan radish ba ya jiran mai shi. Daga kwana na 22 a riƙa share ƙasar gindinsa da yatsa ana dubawa, idan faɗin kan ya kai santimita biyu zuwa uku a cire, domin mako guda na jinkiri ya isa ya mayar da cikinsa kamar soso. Ga wanda yake son tsawaita lokacin kuma, akwai farare masu tsawo na ƙasashen Asiya da suka fi jure zafi. A Indiya, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke New Delhi ta fitar da wani mai suna Pusa Chetki musamman don shukar lokacin zafi, akwai kuma Minowase na Japan. Waɗannan sukan ɗauki kwana 40 zuwa 60, suna buƙatar a tona ƙasa da zurfi a cire duwatsu, a kuma bar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu. Duk da haka ban ce a shuka su a Afrilu a Kano ba. Abin da za su iya ƙara maka shi ne Oktoba a gaba da Fabrairu a baya.

Malamar Makaranta, Bauchi:
Baba Malam, damina fa? A watan Agusta gari yakan yi sanyi, rana ba ta da ƙarfi, kuma ba a wahalar ban ruwa.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Rana ce ke yin sauƙi a Agusta, 'yata, amma dare ba ya sauka kamar na hunturu, yakan tsaya sama da digiri 20, ga hadari yana rage haske, ga ƙasa a jiƙe kullum, abin da ke ruɓar da saiwa. Wanda ya nace ya yi kunya mai tudu ko ya shuka a buhu mai huji a ƙasa, da ƙasar da aka gauraya da rairayi, ya kuma zaɓi farin. Zai samu wani abu, amma ƙwari za su raba da shi.

Manomin Rani, Maraɗi:
Ƙwarin nan ma a hunturu ba a rasa su, musamman idan akwai kabeji a kusa. Akwai wasu ƙanana baƙaƙe masu tsalle da ke huda ganye ƙananan huji, su ne suka fi cutar da tsiro a makon farko. Akwai darɓa da ke taruwa a bayan ganye, akwai kuma koriyar tsutsar kabeji. Abin da za a ci ɗanye bayan mako huɗu bai kamata a fesa masa maganin ƙwari na kanti ba, domin lokacin da ake jira kafin gubar ta fita zai iya cinye rabin kwanakinsa. Tsohon gidan sauro ya fi kowane magani: a kafa 'yan sanduna a gefen fangali, a lulluɓa shi tun ranar shuka, a danne bakinsa da ƙasa ko duwatsu. Haske da ruwa suna shiga, ƙwari ba sa shiga, haka ma ƙadangaru da kaji, waɗanda a cikin gida sun fi ƙwari ɓarna. Idan darɓa ta riga ta kama, a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a bayan ganyen.

Uwar Gida, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura tambaya ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda ke fangalin yanzu sun fitar da dogon kara, har sun fara fure fari da ruwan hoda. In bar su su yi 'ya'ya in ajiye irin don Nuwamba, ko in tuge?

Mai Lambu, Jos:
Ki bar biyar ko shida, Hajiya, ba ɗaya ba, domin radish ba ya cika ɗaukar barbara daga furen kansa, sai ƙudan zuma sun kawo daga wata shukar. Idan kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa ki yanke karan ki rataye a inuwa, sannan ki murza. Cherry Belle ba irin haɗi ba ne, abin da kika ajiye zai fito kamar uwarsa. Ɗanyen kwanson ma ana ci tun yana kore, yana da ɗan yaji mai daɗi.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
A nan ma zan saɓa wa ɗan'uwana. Yadda ya bayyana aikin daidai ne, amma ba daga wannan fangalin ya kamata a ɗebi iri ba. Shukar da ta riga sauran yin fure ba tare da ta yi kai ba, ita ce mafi gaggawar cikinsu, kuma wanda ya ajiye 'ya'yanta ya zaɓi wannan halin ke nan da hannunsa. Mai son irin gida ya jira shukar Disamba, ya duba waɗanda kansu ya fi kyau da girma, ya sa musu alama da sanda ya ƙyale su a ƙasa, zafin Fabrairu da Maris zai sa su fure. Hajiya ta ci ganyen da kwanson na yanzu, ta tuge sauran, ta zuba alayyafo ko rama a fangalin, su za su ji daɗin ragowar yuriyar su kuma rage ta kafin hunturu.

Mai Lambu, Jos:
Shekara ɗaya ba za ta canja halin iri ba, Baba Malam, tun da zafi ne ya tilasta musu, kai da kanka ka faɗa.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:
Zafin ya sami fangalin duka, amma wasu ne suka riga fure, kuma su take tambaya a kansu. Idan akwai ragowar iri a takardar da ta saya, shi ya fi. Ta zuba shi a kwalba mai murfi, ta ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kicin, domin zafi da laimar damina ne ke kashe iri. A farkon Nuwamba ta ɗauki ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta duba bayan kwana biyar. Idan bakwai ko takwas sun tsiro ta shuka shi a gefen da rana ke fara sauka da safe, idan kuma ba su kai biyar ba ta nemi sabo.